Bindigar farko a Amurka: abin da za ka saya da abin da za ka bari a kanti

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san bindiga a hannun soja, ɗan sanda, mafarauci, ko kuma ɗan fashi. A jihohin Amurka da dama kuwa, a kanti zai tarar da ita, kusa da ƙugiyar kamun kifi da takalman shiga daji. Abokan aiki za su gayyace shi filin harbi ranar Asabar, ya je sau ɗaya, ya ji daɗi, daga nan tunanin mallakar tasa ya shigo. Ba kowa nake ba shawarar ya saya ba, kuma mutane da yawa sun ƙare zamansu a ƙasar lafiya ƙalau ba su taɓa riƙe bindiga ba. Da wanda ya riga ya yanke shawara nake magana, don kada ya zubar da kuɗinsa, kada kuma ya zubar da takardunsa.

Bindigar da zan yi magana a kanta ita ce wadda masana'antun ƙasar ke kira bindigar wasanni ta zamani, galibi samfurin AR-15 ake nufi. Kamfanin ArmaLite ne ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1950 bisa tsarin injiniya Eugene Stoner, sannan ya sayar wa Colt da haƙƙinta a 1959. Yau kamfanoni barkatai ke yin ta. Ta fuska tana kama da ta sojoji, amma wadda ake sayar wa farar hula harsashi ɗaya take fitarwa duk lokacin da aka ja kunama. An yi ta ne gunduwa-gunduwa, kusan komai nata ana iya cirewa a sauya, kuma nan ne aljihun sabon shiga ke hujewa.

Kafin kuɗi, takardu. Dokar tarayya ta yarda mai girin kad ya sayi bindiga kamar ɗan ƙasa. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, haramun ne gare shi ko da ya riƙe ta a filin harbi, balle ya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu, ta aiki ko ta ziyara, shi ma an hana shi, sai in ya faɗa cikin wasu 'yan keɓantattun yanayi, wanda aka fi sani a ciki shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki. Idan kana jiran hukunci kan neman mafaka, ko matsayinka na tsaka-tsaki ne, ka ga lauyan shige da fice tun kafin ka taka ƙofar kantin. Mai kanti ciniki ya sani, ba dokar zama ba. Wannan magana ta fi nauyi a kanmu fiye da maƙwabcinka haifaffen Texas, domin laifin da ya shafi bindiga yana cikin dalilan da doka ta lissafa na korar baƙo daga ƙasar, ko da girin kad ɗinsa ya shekara ashirin.

A kanti za a ba ka fom mai lamba 4473, sannan a tura sunanka don bincike, ko dai ga hukumar FBI ko ga hukumar jiha. Ka karanta kowace tambaya a natse. Akwai ta zama ɗan ƙasa, akwai ta tabar wiwi, wadda tarayya ba ta halatta ba ko da jiharka ta halatta, akwai ta hukunci kan dukan iyali. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Akwai kuma tambayar da ta fi kusa da halinmu: kai ne ainihin mai sayen? Mu mutanen kara ne da kunya. Ɗan'uwa zai ce, "Yaya, takarduna ba su fito ba, ga kuɗin, ka sayo mini." Ka ce a'a, ko da zumunci zai yi tsami. Tun dokar 2022, saya wa wanda doka ta hana na iya kai mutum ɗaurin shekara 15.

Sai dokar jiha, wadda ta bambanta ƙwarai. A Texas, Jojiya, Ohio da Karolina ta Arewa, babu dokar da ta hana irin wannan bindiga. A Kalifoniya, New York, New Jersey, Konetikat, Masachuset da Maryland akwai hani ko tsauraran sharuɗɗa, kuma Illinois da jihar Washington sun bi sahu a 2023. 'Yan'uwanmu na Bronx su lura musamman, domin birnin New York yana da nasa izinin daban bayan na jiha. A irin waɗannan wurare, kayan da ka ɗora wa bindigar ne kan mayar da halal haram: mariƙin hannu irin na ƙaramar bindiga, gindi mai tsawaita da gajarta, wani ƙarfe a bakin bututu, ko magazin mai cin harsashi fiye da 10. Abin da ake sayarwa a intanet a kawo maka har ƙofa ba lallai ya halatta a unguwarka ba. Idan kuma za ka ƙaura ko ka tsallaka iyakar jiha da ita a mota, ka binciki dokar inda za ka da duk inda za ka ratsa.

To, yaya ake gane mai daraja? Ba ta fenti ba, ba kuma ta yawan ƙarafan da aka rataya mata ba. Bindigogin shiga kasuwa irin su Smith & Wesson M&P15 Sport da Ruger AR-556 sun daɗe suna zagaye tsakanin dala 600 da 800, yayin da ta Daniel Defense kan doshi dala 2,000. Mai tsadar ta fi inganci, babu musu, amma fifikonta sai wanda ke harba dubban harsasai a shekara zai gani. A hannun sabon shiga, su biyun rami ɗaya za su yi a takarda. A ɗaya gefen kuma araha ba ta ado: bindigar da ba a san maƙerinta ba, wadda wani ya harhaɗa a garejinsa da kayan tsince-tsince, ka bar masa abarsa.

Darajar tana ciki, inda ido ba ya fara sauka. Ka duba rubutun da ke jikin bututu. Idan an rubuta 5.56 NATO ko .223 Wylde, za ta ci harsashin 5.56 da na .223 duka. Idan .223 Remington kaɗai aka rubuta, kada ka sa mata 5.56, domin ƙarfin matsinsa ya fi abin da aka tsara mata. Za ka ga wata lamba kamar 1:7 ko 1:8, wato tazarar incin da harsashi ke yi kafin ya kammala juyi ɗaya a cikin bututun. Kowacce daga cikin biyun ta wadatar da kai. Tsawon bututu ya kai inci 16. Abin da ya gaza haka ya faɗa ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934 mai bukatar rajista ta musamman, kuma baƙo ba shi da dalilin shiga wannan rigima da bindigarsa ta farko. Ka tambaya ko gangar jikin ta alminiyon 7075 ce. Ka ce a ciro maka ƙarfen da ke kai da kawowa a ciki, mai tura harsashi ya kuma ciro kwanso, domin shi ne ya fi shan wahala kuma shi ya fi saurin karyewa a bindiga mai arha. Nagari yakan zo da shaidar an gwada shi, sau da yawa haruffan MPI a jikinsa, kuma kusoshi biyun da ke samansa an daddanne ƙarfen gefensu don kada su kwance. Daga ƙarshe ka tambayi garanti: in ta lalace, wa zai gyara, wa zai biya kuɗin aikawa?

Yanzu kayan haɗi. Mai sabon doki da bai iya hawa ba, in ya fara da sayen kayan hawan sallah, kuɗin ciyawa ne zai gagare shi. Ga yadda nake ganin ya kamata kuɗin ya bi.

Na farko akwatin ƙarfe mai kulle, kuma a ranar da aka sayi bindigar, ba wata mai zuwa ba. Gidajenmu ba sa rabuwa da jama'a: yaran maƙwabta, baƙon da ya sauka daga gida zai yi wata uku, taron suna, walima. Saman kabad ba maɓoya ba ce, yaro ya san kowane lungu na ɗakin ubansa. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. A 2021 mutum kusan 48,800 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma sama da 26,000 daga cikinsu kansu suka kashe. Zaman baƙunta yana da kaɗaici, da bashi, da rikicin aure nesa da dangin da za su sasanta. Bindigar da ke kulle, babu harsashi a cikinta, harsasan ma suna wani wuri daban, tana ba mutum lokacin da zuciya za ta huce. Wanda ya ji kansa ko wani nasa a cikin irin wannan ƙunci ya kira lambar agaji ta 988, kuma ya nemi hanyar halal ta fitar da bindigar daga gidan na ɗan lokaci. Idan akwatin ya yi maka tsada a yanzu, ofisoshin 'yan sanda da yawa suna raba makullin waya kyauta ta shirin Project ChildSafe, amma wannan na wucin gadi ne.

Na biyu kariyar kunne da ido. Ƙarar wannan bindiga ta haura desibel 160, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa da harbi ɗaya, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A filin harbi na cikin gini ka haɗa biyu, toshiyar soso a ciki da marufi a sama. Ka kuma wanke hannu da fuska da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, domin hayaƙin harbi yana barin ƙurar dalma a jiki da tufafi. Mu da muke cin tuwo da hannu, kuma muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na uku horo da harsashi. Nan ne kuɗi ya fi amfani, kuma nan ne mutane suka fi maƙo. Ka biya malami ya koya maka tun daga tushe: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harbi, yatsa nesa da kunama sai ka saita, ka san abin da ke bayan abin da kake hari. Shirin Project Appleseed yana koyar da harbi na kwana biyu a jihohi da yawa cikin farashi mai sauƙi. Harsashi dubu ɗaya na cin ɗaruruwan daloli, don haka wanda ya sayi bindigar dala 700 ya sa ragowar a horo, cikin shekara guda zai wuce wanda ya zuba 2,000 a ƙarfe ya rataye.

Bayan waɗannan sai abin saiti. Wasu bindigogin suna zuwa babu komai a samansu, shi ya sa suka fi arha, sai ka lissafa wannan a cikin farashi. Saitin ƙarfe na gaba da baya ya isa a fara koyo. In za ka ƙara, madubi mai jan ɗigo na kamfani sananne kamar Holosun, Vortex ko Sig Sauer ya wadatar har yadi 200. Aimpoint na Suwidin ya fi su ƙarko, ya kuma fi su tsada nesa. Ka leƙa cikinsa a kanti kafin ka biya. Masu wata matsalar ido sukan ga ɗigon ya baje kamar tauraro, su kuma madubi mai zane a jikin gilashi ya fi dacewa da su. Ka guji na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni a rubu'in farashi, domin saitinsu yakan goce bayan 'yan harbe-harbe. Sai maɗaurin rataya mai kama wuri biyu, magazin uku ko huɗu na Magpul gwargwadon abin da jiharka ta yarda, da man shafawa da burushi. Idan don tsaron gida ne, ƙara fitila mai ƙarfi, saboda kada a yi harbi cikin duhu a kan wanda ba a gane ba.

Sauran, su ƙafafun jingina, hasken leza, kunama ta musamman, fenti mai launin daji, duk su jira har ka harba harsashi dubu ka san abin da ke damunka da gaske. Duk wani ƙarfe da aka ce zai sa bindiga ta yi ruwan harsashi, ko wata "matatar mai" da kowa ya san don rage ƙara ake tallarta, ka rufe shafin. Mutane suna zaman kurkuku a kan irin waɗannan.

Mai niyyar farauta ya duba dokar dabbar tukuna. Jihar Bajiniya ba ta yarda a harbi barewa da harsashin .223 ba, Pensilbeniya kuma ba ta yarda da irin wannan bindiga wajen farautar barewa ba sam. Zai yiwu tsohuwar bindigar farauta mai rabin kuɗin ta fi biya maka bukata.

Akwai roƙon da zai iya zuwa daga gida, musamman yanzu da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, kuma roƙo ne mai taɓa zuciya: a turo ko da madubi, ko magazin, a ɓoye cikin motar da za a aika Legas ko Kwatano. Fitar da bindiga, sassanta, harsashi, har da madubin saiti daga Amurka yana bukatar lasisin gwamnatin tarayya, kuma kotunan ƙasar sun sha ɗaure mutane kan kayan da aka gano cikin kwantena mai zuwa Afirka ta Yamma. A can gida ma, dokar makamai tana jiran wanda zai karɓa a tashar jirgin ruwa, ga shi kuma babu mai tabbacin hannun da kayan za su ƙare a ciki. In za ka koma gida gaba ɗaya, ka kai bindigar wurin dillali mai lasisi ka sayar, ka karɓi takardar shaida ka adana.