Shin Ana Iya Yin Aikin Kwamfuta da DNA?

Wani mai sauraronmu daga Maradi yana tambaya: wai da gaske ne ana yin lissafin kwamfuta da sinadarin gadon halitta, wato DNA?

To malam, gaskiya ne. DNA zare ne mai haruffa huɗu: A, T, C da G. Kullum A da T take haɗuwa, C kuma da G. Wannan ƙa'ida masana suka riƙe. Sukan tsara zaren yadda ba zai saki amsa ba sai wasu zaruruwa biyu sun iso tare, ɗaya bai isa ba. Irin hukuncin da kwamfuta take yankewa da lantarki ke nan.

Leonard Adleman na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ne ya buɗe fagen a 1994. A cikin kwalbar gwaji ya gano hanyar da za ta ratsa garuruwa bakwai, kowanne sau ɗaya. Aikin ya ci kusan mako guda.

Wajen sauri, wayarka ta fi lissafin DNA nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne fannin lafiya: a 2004, masana a Cibiyar Weizmann sun gwada, a kwalba, ƙwayoyin DNA da ke gane alamun ciwon daji kafin su saki magani.