Ga 'Ya'yana Masu Bincike a Daura: A Kan Ƙidayar Ambato

'Ya'yana, matasan malamai na Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke nan Daura. Hirarku tana zuwa kunnena: wane an ambaci takardarsa sau ɗari, wane ya fito a Scopus, wance ta haɗa aiki da wani farfesa a Ingila. Ban ga laifinku ba, tunda ana duba irin waɗannan idan lokacin ƙarin girma ya zo. Ina dai so ku san iyakar abin da wannan mudu yake aunawa.

Ƙidayar ba ta daɗe ba. A 1964 Eugene Garfield ya fitar da kundin da ke nuna wa ya ambaci wa a mujallun kimiyya. Google Scholar ta zo a 2004, sannan a 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya kawo lissafin da kuke kira h-index: in kana da takardu goma, kowacce an ambace ta aƙalla sau goma, lambarka goma ce. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wurinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya jera malaman da ya ɗauki karatu a hannunsu. Magabata sukan tambayi wa ya karantar da kai, wa kuma ya ɗauka daga gare ka, sannan su auna amincin kowa a silsilar. Kwamfuta ƙirge kawai take yi.

Ku ɗauki tarihin garinku. Richmond Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya buga labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu a cikin Sudanese Memoirs a 1928. Daga baya Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibansa, irin su Bala Usman, suka soki yadda Turawa suka fassara kafuwar daulolin Hausa a matsayin aikin baƙi daga gabas. To, duk wanda ya tashi gyara Palmer sai ya ambace shi, kuma kowane suka ƙarin lamba ne a gare shi. Lissafin bai san yabo ba, bai san gyara ba.

Haka littafin M. G. Smith, The Affairs of Daura, na 1978, wanda ya bi sarautar Daura da Zango da Baure daga 1800 zuwa 1958. Littafin bai samu ba sai da dattawa da masu sarauta suka zauna suka ba marubucin abin da ke kansu. Yau sunan M. G. Smith ne ke tara ambato, su kuwa ba su da shafi a intanet. Sannan fage ya bambanta: takardar likitanci da Turanci tana da dubban masu karatu, mai nazarin waƙoƙin fada da Hausa kuwa abokan fagensa ƙalilan ne. Shi ya sa tun 2012 masana suka yi matsaya a San Francisco cewa a daina hukunta mai bincike da darajar mujallar da ya buga aikinsa, a koma duban aikin kansa.

Saboda haka ga nasihata. Kada ka ambaci littafin da ba ka buɗe ba. Idan tsohuwa a Sandamu ko makiyayi a Mai'adua ya ba ka bayani, nemi izininsa ka rubuta sunansa da ranar da kuka zauna. Wannan amana ce. Ku guji cinikin nan na "sa sunana a taka, in sa naka a tawa", inda za ka ga mutum shida a kan takarda, huɗu ba su san abin da ke cikinta ba. Ku guji mujallar da za ta turo maka saƙo yau, ka biya kuɗi gobe, jibi ta buga ba tare da kowa ya tantance ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka ce ka kare aikin a gaban masana, kai kaɗai za ka tsaya.

Haɗin gwiwa kuwa alheri ne idan kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Ba sai an ƙetare teku ba. Mai binciken kwararowar hamada ko cinikin kan iyaka a Kwangwalam, abokan aikinsa suna Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, suna jami'o'in Damagaram da Maraɗi. Ku yi maganar wa zai yi me, da yadda za a jera sunaye, tun kafin a fara, don zumunci ya ɗore.

Ku buɗe shafinku na Google Scholar, ku gyara shi, babu aibi. Amma ku fi damuwa da ko ɗalibinku ya ƙaru, ko aikinku ya amfani mutanen masarautar nan. Ku kyautata aikin, ku ba kowa haƙƙinsa. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, amin.