Yadda Ake Rufe Bakin Tsirkiya Wajen Daidaita Fiyano

'Yan'uwana ɗalibai, da na je hutu gida Yerimaram, cikin Potiskum, sai na tarar fiyanon makarantar mishan da na yi karatu ya ɓaci. Hunturu ne ya busar da katakonsa, tsirkiyoyi suka saki, murya ta faɗi, har yara suka soma koyon waƙa a karkace. Aka kira wani dattijo mai gyara, ni kuwa na zama ɗan riƙe masa kaya. Ga abin da na koya.

Fiyano yana da maɓallai 88, amma tsirkiyoyinsa sun kai wajen 230. Dalili kuwa, yawancin maɓallan kowanne tsirkiya uku yake bugawa gaba ɗaya, sai na ɓangaren babbar murya masu biyu ko ɗaya. To, idan uku suna kuka tare, ƙaƙa za ka san wadda ta kauce? Tilas ka rufe bakin biyu ka saurari ɗaya.

Da fari dattijon ya taka matakin dama don matosan tsirkiya su ɗaga, kada ya lalata su. Sa'an nan ya ɗauko dogon ƙyallen ulu mai kauri, ya yi ta cusa shi tsakanin kowane rukuni da na kusa da shi a tsakiyar fiyanon. Ta haka na gefe duk suka yi shiru, na tsakiya kaɗai ke magana. Ya buga wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, irin wanda John Shore ya ƙago a Ingila a 1711, mai ba da muryar A, watau girgiza 440 cikin daƙiƙa guda. Wannan ma'auni a Landan aka shirya a kansa a 1939. Da shi ya daidaita tsirkiyar farko, sauran na tsakiya suka bi ta.

Bayan haka ya riƙa zare ƙyallen kaɗan kaɗan, yana sakin tsirkiya ɗaya ɗaya. Idan biyu ba su dace ba, sai ka ji muryar tana rawa, wau, wau, wau. Yana juya fegi da sifanarsa a hankali, rawar tana raguwa, har ta tsaya cik. Can inda ƙyallen bai kai ba kuwa, ƙaramin wejin roba yake sokawa, yana matsar da shi gaba.

Ni dai na ɗauki darasi. Dā idan waƙa ta ɓaci a aji, sai in tsawata wa yara duka, ba ta kuwa gyaruwa. Yanzu nakan ce kowa ya yi shiru, in saurari layi ɗaya, in gyara shi, sa'an nan in ƙara na biyu a kansa. Ku jarraba wannan ran da kuka fita koyarwar gwaji, ku ba mu labari.