Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Na'urar GPS da Sabuwa

Wani mai sauraronmu ya aiko yana neman bayanin dalilin da ya sa tsohuwar na'urarsa ta GPS takan ɗimauce a kurmi, alhali sabuwar na'urar abokinsa ba ta fasa nuna wuri.

To malam, Allah ya ƙara basira. Ka sani taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa, saƙonsu kuwa kafin ya iso ya raunana ainun, kuma wajibi ne na'ura ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta yi hisabin inda kake. Na'urorin farko, waɗanda taurarin Amurka kaɗai suke saurare, da zarar duhuwar itatuwa ko tsauni ya shiga tsakani, sai su kurmance. Amma tun wajen 2006, sa'ad da irin su Garmin 60CSx suka fito da kunne mai kaifi, al'amarin ya sauya. Na wannan zamani kuwa, bayan na Amurka, suna jin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, wasu ma har da zangon L5, wanda ke rage ruɗanin saƙon da ya bugi gini ya dawo.

Amma fa a fili fetal bambancin ƙalilan ne, tsohuwar ma takan kai ka cikin 'yan mitoci. Sai dai ka yi mata haƙuri, domin ta fi jinkirin kamawa in an kunna ta.