Zanen Gini Mai Tafiya da Lokaci: Yaya Za Mu Kira Shi da Hausa?

Wannan ɗan rubutu zai duba wata fasaha da injiniyoyi ke kira 4D. Dalili kuwa, wata rana za a miƙo wa ɗayanmu takarda a gidan rediyo a ce ya fassara, kuma mutum ba ya fassara abin da bai fahimta ba.

Zanen gini a kwamfuta yana nuna tsawo da faɗi da tsayi. Shi kuwa jadawalin aiki, irin wanda Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910, yana nuna ranar fara kowane aiki da ranar gama shi. A da kowanne zaman kansa yake. Abin da 4D ta yi shi ne ɗaure su wuri guda: kowane ginshiƙi, kowane bango, a maƙala masa ranarsa. Da an danna, sai ginin ya riƙa tashi a allo mako-mako kamar majigi. Masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bunƙasa ta a shekarun 1990, an kuma yi amfani da ita wajen gina zauren kiɗa na Walt Disney a Los Angeles, wanda aka buɗe a 2003. Cikin manhajojin aikin akwai Navisworks da Synchro.

A ce ana gina ɗakin kwanan ɗalibai mai bene a nan Keffi. Kankare yana ɗaukar kimanin kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake so. Idan jadawali ya tura masu fulasta hawan ƙasa alhali ba a cire sandunan da ke tokare da dakin ba, a takarda da wuya a lura. A allo kuwa, ga su nan sun yi karo. Haka ma idan haƙar tushe ta faɗo a Agusta, tsakiyar damina. Maginan gargajiya sun daɗe da wannan lissafi a ka, shi ya sa suke buga tubali da rani.

To, suna fa? Wasu za su ce "zane mai fuska huɗu". Ban yarda ba, don mai sauraro zai shiga neman bango na huɗu, alhali lokaci ake nufi. "Majigin gini" ya fi daɗin faɗa, sai dai ya jefar da jadawalin. Ni da na koyi Hausa a kasuwa da aji, na fi natsuwa da "zane mai tafiya da lokaci", duk da tsawonsa.