RAWAYA A GARKA

Maigida, ka san rawaya, tsiron dajin ƙasarmu. Da damina ganye take yi. Sai rani ya kama, sauran furanni duk sun bushe, sa'an nan ta fid da nata furen daf da ƙasa. Saiwarta ba ta mutuwa, kowace shekara sai ta toho.

Mata kan daka saiwar su sa a miya. Amma masu haƙa suna tumɓuke ta duka, har ta fara wuya kusa da gari. Gara ka shuka taka.

1. Zaɓi wuri mai rana, ba gindin itace ba.
2. Ƙasa mai tsakuwa ta fi, inda ruwa ba ya kwanciya.
3. In 'ya'yan sun bushe, cire audugar, ka ajiye irin har farkon damina.
4. Yi darni saboda awaki.
5. In ta ƙosa, yanki kaɗan, ka mai da ƙasa, ka bar uwar.

Ka tuna: wasu kan jiƙa rawaya don shawara. Kada ka dogara gare ta. In idon yaro ya yi rawaya, kai shi asibiti ran nan.