Aikin Ƙoda

'Yan'uwa, koyarwarmu ta watan nan a kan ƙoda take. Firistocin Isra'ila sun san ta, gama cikin Littafin Firistoci sura 3 an umarta a ƙone ƙodojin hadaya bisa bagadi. Mu kuwa yawancinmu sai wurin mai tsire muka san ta.

Sa'anda muka ci wake, ko nama, ko ƙwai, jiki yakan ɗauki abin da zai gina tsoka, saura kuwa ya zama guba, masana suna ce da ita amoniya. Ita ce warin nan mai hawa kai a garken awaki. In ta taru cikin jini sai mutum ya ruɗe, har ya suma. Dole kowace dabba ta fid da ita, amma Ubangiji ya ba kowace hanyarta gwargwadon ruwan da take samu.

Kifin kogin Gusau ba shi da wahala, yana sakinta, ruwa yana tafiya da ita. Tsuntsu kuwa ba ya iya tashi da tulun ruwa a ciki. Saboda haka jikinsa yakan mai da gubar ta zama farin abu kamar alli. Ku duba kashin kaza, ko na ƙadangare a bango, farin nan shi ne fitsarinsu.

Mu 'yan Adam, hanta ke juya gubar ta zama yuriya, jini ya kai ta ƙoda. Ƙodojin nan biyu suna tace ruwa wajen lita 180 kowace rana, wato jarka 9 masu lita 20, su mayar wa jini kusan duka, abin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Ashe, yuriyan nan ita ce manoman Furfuri suke saye a buhu su zuba wa masara! A 1828 wani Bajamushe, Wöhler, ya fara haɗa ta da hannu. Amma tun dā kakanninmu suke roƙon Fulani su kwana da shanu a gonakinsu.

Ƙoda ba ta aiki sai da ruwa. Mai noma cikin zafin rana, in ya ga fitsarinsa ya ragu, ya yi ja, bari ya ƙara shan ruwa. Yaron da ke wanka a kududdufi kuma, in yana fitsarin jini, kada iyaye su ce alamar balaga ce. Tsargiya ce, tana iya ɓata mafitsara da ƙoda, akwai maganinta a asibiti.